Rufin Aji Shida

Unguwar Shanu, Kaduna
12 ga Janairu

Zuwa ga ɗana Rilwanu,

Sallama da gaisuwa mai yawa. Ina fata kana lafiya, karatu yana tafiya, sanyin Amurka bai cinye maka kunnuwa ba. Mu nan lafiya lau, in ban da gwiwata da ta sa ni gaba tun bara.

Na san za ka yi mamakin takarda daga Goggon da rabonka da ita tun wani suna da aka yi a Katabu. To zumunci ne, kakanka da babana 'ya'yan wa da ƙani ne, ba ka da yadda za ka yi da ni. Latse-latsen waya ban iya ba, a takarda nake rubutawa, 'yata Fiddausi ta ɗauki hoto ta turo maka. Idan ka ga ya karkace, laifinta ne.

Ga abin da ya sa na nemo ka. Har yanzu ina firamaren nan ta unguwarmu, ni ke riƙe da aji shida. A ƙarshen daminar bara iska ta yaye rufin ajina kaf, kwano da katako, ta kai wani har bayan layi. Tun lokacin muke karatu a cikin bango huɗu, sama a buɗe. Da hantsi rana ta dake mu, mu matsa gefen bango muna bin inuwa kamar kaji. Yanzu rani ne, da sauƙi. Amma yaran nan za su rubuta jarrabawar shiga sakandare a watan Yuni, kuma ka san ruwan Kaduna ba ya jiran kowa. Idan ya sauko ba mu da rufi, karatunsu ya tashi a daidai lokacin da suka fi bukatarsa.

Muna cikin jerin makarantun da ofishin ilimi zai gyara, amma jerin nan ya fi ni tsufa. Sai ga shi makon jiya Hedimasta, Mista Ezekiel, ya tara mu yana washe baki. Wai wani asusu ya zaɓe mu zai yi mana aiki. Da na matsa da tambaya, ashe asusun daga kason da ake cira a hannun kamfanonin caca ake tara shi. Shagon caca yana nan daura da ƙofar makarantarmu, wanda samari ke ce wa bet. Ina ganin masu shiga. Wasu iyayen yarana ne, masu cewa ba su da kuɗin fensir.

An ce a ƙasarku da kuɗin caca ake tafiyar da makarantu. Gaskiya ne? Yaya ake raba shi? Za a yi taron iyaye da malamai a kan maganar, kuma ba na son in je ina zare ido.

Ka ci abinci, na ga hotonka duk ka zama wuya.

Goggonka,
Balaraba

*

20 ga Janairu

Zuwa ga Goggo Balaraba,

Amin wa alaikumus salam. Na ji daɗin takardarki ƙwarai, har na karanta ta sau biyu. Allah Ya ƙara sauƙin gwiwa. Ni lafiyata ƙalau, wuyan kuma gado ne, ki tambayi Baba.

Goggo, tambayarki ta faɗo hannun wanda ya sani, kuma ba a littafi na sani ba. Bayan lacca ina aiki a shagon wani gidan mai don in haɗa kuɗin haya. Cikin kayan da ake sayarwa har da tikitin cacar jiha, wani ɗan kati ne da ake kankarewa da kwabo. Da hannuna nake miƙa shi.

Ga yadda rabon yake a jihar da nake. Fiye da rabin abin da aka tara yana komawa ga waɗanda suka ci. Masu shaguna suna da ɗan lada, masu gudanarwa da masu talla su ɗauki nasu. Abin da ya saura, kusan kashi ɗaya cikin huɗu, shi ake kai wa ilimi, kuma shi kaɗai ake rubutawa da manyan baƙi a jikin allunan talla. Har a jikin katin akwai hoton yaro da jakar makaranta.

Masu saya kuwa ba masu hali ba ne. Akwai wani dattijo mai gadi da ke zuwa duk Juma'a da kayan aikinsa a jiki, ya kankare a gabana, ya jefa a shara, ya ce mini ai dai ya taimaki makaranta. In kin duba da kyau, kuɗin talakawa ne da suka yi asara, ake dawo musu da ɗan gutsure a ce kyauta ce. A nan ba wanda ke tambayar daga ina kuɗi ya fito.

Shawarata ku karɓa ku yi rufin. Amma ki sa ido a kan abu ɗaya. Wani malaminmu ya nuna mana cewa a wurare da yawa, da zarar kuɗin caca ya shigo, sai masu kasafi su janye wanda suka saba bayarwa, su ce ai an riga an ba ku. Kada su cire ku daga wancan jerin.

A gaida Fiddausi, hotonta ya fito sarai.

Ɗanki,
Rilwanu

*

Unguwar Shanu
9 ga Fabrairu

Rilwanu,

Ina fata kana lafiya. Mu ma haka.

Ashe caca kake sayarwa. Aka tara kuɗi aka kai ka ƙasar waje, kana can kana miƙa wa tsofaffi katin kankarewa. Kuma har kana da bakin rubuta mini cewa a nan ba wanda ke tambayar daga ina kuɗi ya fito. Na gane. Mu ne ƙauyawa masu tambaya. To ni a gidan da na tashi ana tambaya, kuma a gidan da ka tashi ma ana yi.

Duk da haka ga labarin taro, tunda da takardarka aka yi shi. An cika, har da waɗanda ban taɓa gani ba ko ranar karɓar sakamako. Shugaban kwamitin iyaye, Alhaji Husaini, shi ya jagoranta. Na miƙe na ce ni ma ina ƙyamar kuɗin nan, amma yara na cikin rana. Don in ƙarfafa maganata sai na karanto musu inda ka ce kuɗin talakawa ne da suka yi asara. Nufina su gane cewa guminsu ne zai dawo musu, ba sadakar kowa ba. Ban rufe baki ba Alhaji ya ce, “To kun ji da kunnenku. Hawayen mutane ne. Wa zai yarda ɗansa ya karanta Fatiha a ƙarƙashin rufin hawaye?” Wuri ya ɗauki kabbara.

Ka san yadda mutanenmu ke yi da kuɗin ruwa idan banki ya zuba musu a asusu. Ba a ci, ba a sa shi a masallaci, sai a gina ban-ɗaki da shi, ƙazanta ta tafi wurin ƙazanta. Wani ya tuno da haka, nan take kowa ya samu mafita. Ba za a mayar da kuɗin ba, don kada wata makaranta ta cinye. Ba za a yi rufi ba, don haram ne. Za a yi ban-ɗaki. Na ce a tambayi malamai tukuna, don na taɓa jin cewa irin wannan dukiya ana iya sa ta a duk abin da zai amfani jama'a. Aka ce Malama ta zauna, ba a zo jin fatawar mata ba.

Mista Ezekiel ya bari har aka tashi taro. Daga baya ya same ni ya ce, “Malama, cocinmu ma ba ta son caca. Amma in na ce a yi rufi, gobe za a ce arne ya ɗora wa 'ya'yan Musulmi haram a ka. Kin san garin nan.” Na san garin nan.

Mutumin da asusun ya turo taron kuma ko a jikinsa. Ya ce tsafta ma tana cikin ayyukan da suke yi, in dai za a kashe kuɗin a ɗauki hoto.

Abin da ya fi tsaya mini a wuya, shagon bet ɗin nan na ƙofar makaranta, ginin Alhaji Husaini ne. Da aka yi masa maganar a gefe ya ce shi haya ya bayar, ba caca ba.

Na gaji. Ka nemi wani aikin.

Balaraba

*

18 ga Maris

Zuwa ga Goggo,

Assalamu alaikum. Barka da shan ruwa, ina fata azumi yana zuwa da sauƙi, gwiwa kuma tana barin ki tsayuwar tarawihi.

Na rubuto sau biyu ba amsa. Fiddausi ta ce kin gani, kin ce a ajiye. Na ɗauka ko kin kai ƙarata wurin Baba.

Goggo, ba alfahari na yi da maganar nan ba. Da na ce ba wanda ke tambaya a nan, kuka nake yi miki, ba yabonsu nake ba. Duk ranar da dattijon nan ya jefa katinsa a shara sai na ji kamar in wanke hannuna da omo. Na roƙi mai shagon ya mayar da ni wajen shirya kaya a kanta, ya yarda, amma duk sanda layi ya yi tsawo sai ya kira ni. Ina neman wani wurin. Ɗalibi baƙo ba ya zaɓen aiki yadda yake so.

Na yi baƙin cikin yadda aka juya maganata a taro. Ban taɓa zaton layi ɗaya daga nan zai hana yara rufi a Unguwar Shanu ba. Babu yadda za a yi a raba, rabi ban-ɗaki rabi kwano? Ko a ce ma'ajiyar kaya za a rufa, ba aji ba?

Ki daure ki amsa ko da layi biyu ne, ko da zagi ne.

Ɗanki,
Rilwanu

*

Unguwar Shanu
27 ga Afrilu

Zuwa ga ɗana Rilwanu,

Wa alaikumus salam. An yi Sallah lafiya, ina fata kai ma ka samu ko da ɗan tuwo a wurin 'yan'uwa. Gwiwa tana nan, ta zama 'yar gida.

Fushi na yi, ba zan ɓoye ba. Amma ba kai kaɗai ka ja shirun ba, ba ni da abin faɗa mai daɗi ne. Ban gaya wa babanka komai ba. Na sake karanta takardarka ta farko bayan zuciyata ta sauka, na ga ni ce na karanta ta da ido ɗaya. Ka yi haƙuri da Goggonka, bakinta ya riga hankalinta tun tana yarinya.

An gama gini. Ban-ɗaki goma sha shida, Rilwanu. Takwas nan, takwas can, da faffaɗan fili a tsakiya, duk an shafe da tayil fari mai ɗaukar ido. Rufin kuwa kwano ne mai kauri, dogo, irin na gidajen manya, har da silin. Kuɗin ya yi wa ban-ɗaki huɗu yawa, kuma an hana a taɓa shi da wani abu, sai ɗan kwangila ya yi ta ƙara ƙofofi har ya ƙare. Daga cikin ajina ina hango shi yana ƙyalli. Ni da yara muna ƙarƙashin sararin Allah, masai yana ƙarƙashin silin.

Maganarka ta a raba, na kai. Aka ce haram ba ta rabuwa. Na ce to a haƙa rijiyar burtsatse, ban-ɗakin zamani ba ya aiki sai da ruwa. Aka ce ruwa sha za a yi, alwala za a yi, ba zai yiwu da kuɗin caca ba. Don haka ba ruwa. Tun ranar da aka buɗe aka sa kwaɗo, ba wanda ya taɓa shiga ya yi abin da aka gina shi dominsa. Yara suna nan suna zagayawa tsohon ramin bayan katanga kamar da.

Bikin buɗewar ma abin kallo ne. An kafa rumfa, an yanka ƙyalle, an jera yarana da tsabtataccen yunifom suna tafi. Mutumin asusun ya yi jawabi a kan yadda suke gina gobe. Alhaji Husaini ya sha babbar riga ya tsaya a tsakiyar hoto. A jikin bango an manna allo mai sunan asusun, da hoton yaro riƙe da littafi. Da na gan shi sai na tuna katinka.

Sai abin da ka ce in sa wa ido. Na sa ido, bai hana komai ba. Mista Ezekiel ya je ofis jin labarin gyaran rufi, aka ce an cire mu daga jerin bana. Wai makarantarmu ta riga ta amfana da babban aiki, a bar wa waɗanda ba su samu komai ba. Ya ce musu ban-ɗaki ne fa. Suka ce a wurinsu aiki aiki ne. Ya dawo ya zauna a ofishinsa bai ko cire hula ba.

An yi ruwan farko shekaranjiya. Muna tsakiyar lissafi. Na tura yara su raɓe a aji biyar, inda dama mutum uku ke zama a bencin mutum biyu. Allona ya wanke tas, littattafan da ke cikin kwali suka jiƙe. Wata yarinya, Precious, wadda ta fi kowa ƙoƙari a ajin, ta tsaya tana shanya littafinta shafi-shafi tana kuka ba sauti. Ubanta yana cikin masu shiga shagon can. Na rasa wa zan tsana a cikinsu, sai na tsani kowa.

Goggonka,
Balaraba

*

3 ga Mayu

Goggo,

Sallama. Na gode da kika huce. Na karanta takardarki a cikin bas, na rasa dariya zan yi ko kuka, wata mata har ta tambaye ni ko lafiya.

Ina da ɗan abin da na tara. Ba zai rufe aji duka ba, amma zai sayi kwano ko na rabi ne, ko tamfol mai kauri kafin a ga yadda za a yi. Sai dai ba zan yi miki ƙarya ba, albashin shagon nan ne, kuma kin san abin da ake sayarwa a ciki. In kin ce in turo, gobe zan turo ta hannun Fiddausi. Ba sai kin faɗa wa kwamiti daga ina ya fito ba.

Rilwanu

*

Unguwar Shanu
8 ga Yuni

Zuwa ga ɗana Rilwanu,

Sallama da fatan alheri. Ina fata kana lafiya. Ni mura ce ta kama ni, ta ruwan da ya dake ni, amma da sauƙi.

Ka riƙe kuɗinka ka biya haya. Allah Ya yi maka albarka, Ya ba ka aikin da ba za ka ji kunyarsa ba. Na kwana biyu ina juya maganar, har na kusa cewa ka turo. Amma kwamiti ya kafa doka, ba a ɗora ko ƙusa a makarantar nan sai an faɗi asalin kuɗin, kuma ni idan aka tambaye ni ba zan iya rantsuwa a kan ƙarya ba. Da na faɗa, ban-ɗaki na goma sha bakwai za su gina da shi.

Na je wurin Alhaji Husaini har gida. Na ce tunda an kuɓutar da yara daga haram, sai a kawo halas ɗin a yi rufi. Ya ce kasuwa ba daɗi, amma zai sa a yi sanarwa a masallaci. An yi. Abin da aka tara ko katakon ba zai saya ba. 'Ya'yansa dama suna makarantar kuɗi a Mando.

Ruwa kuwa kusan kullum. Mako biyu muka yi ba karatun kirki, jarrabawa tana matsowa. Ranar wata Litinin hadari ya haɗo baƙi ƙirin, na dubi yara, na dubi ginin can mai ƙyalli. Na wuce ofishin Hedimasta na ce ya ba ni makulli. Ya zaro shi daga aljihun tebur ya ajiye, ya juya yana kallon taga.

Yanzu a can nake koyarwa. A filin tsakiya muka jera benci, ƙofofi takwas a dama, takwas a hagu, na jingina allo a bangon ƙarshe. Ba ɗigo ko ɗaya. Ga haske, ga sanyin tayil. A shekaru ashirin da na yi ina aikin nan ban taɓa samun aji mai kyau kamarsa ba.

Na zaci kwamiti zai zo ya kore mu. Ba wanda ya zo. Da aka gaya wa Alhaji, cewa ya yi lalura ce, kuma ai ba aji aka gina ba, ban-ɗaki aka gina, hukuncinsu yana nan daram.

Yaran ne suka ɗauki abin da gaske fiye da iyayensu. Na ce musu ba wanda ya taɓa amfani da wurin, ɗaki ne kawai mai tayil. Suka ce Malama ai sunansa ban-ɗaki. Ba sa yarda a yi addu'ar safe a ciki. Malamin addini ya ce shi ba zai shiga da littafinsa ba, ban ga laifinsa ba. Ranar farko ina kiran rajista na ce Abdullahi, yaron ya yi tsit, sai na kusa da shi ya ce, “Malama, akwai sunan Allah a ciki.” Tun ranar a waje nake kiran suna, a tsaye, ko ana yayyafi. Nan na samo murar.

Jarrabawa ranar Asabar ce. Mun gama bitar lissafi da Turanci, Precious ta dawo da murmushinta, kuma ina sa ran da yawansu za su ci. Idan sun ci, na san za a zo da mai hoto, a ce ga amfanin asusu. Alhaji ma zai sa babbar riga.

Jiya na tsaya a bakin ƙofa ina kallonsu suna shiga. Ba wanda ya umarce su. Kowane yaro idan ya iso sai ya ɗan tsaya, ya motsa baki ya nemi tsari daga shaiɗanu, sannan ya sa ƙafar hagu. Har Precious ta koya, don ta ga kowa yana yi. Yara arba'in da bakwai, Rilwanu, haka suke shiga neman ilimi kowace safiya.

Da suka gama shigewa na gyara mayafina, na ɗauki allina. Ni ma da hagun na shiga.

Goggonka,
Balaraba